Hellenism ɗin nan, me za mu kira shi da Hausa?

Zainab Mai Fassara:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masana ku taimaka mini, yau kwana uku wata kalma ta hana ni sakat. An ba ni wani rubutun Turanci kan tarihin birnin Iskandariyya na Masar in mayar da shi Hausa, za a karanta a shirin rediyo. A shafi biyu kacal na ci karo da Hellenism sau shida, Hellenic sau biyu, Hellenistic kuwa ban ma ƙirga ba. Na duba ƙamus ya ce al'adun Girka, sai na bi su kaf na sa "al'adun Girkawa". Mai duba mana aiki ya dawo mini da takardar, ya ja jan biro a ƙarƙashin inda na rubuta "al'adun Girkawa sun soma ne bayan mutuwar Iskandar". A gefe ya rubuta: "To kafin ya mutu ba su da al'ada ne?" Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige, kuma gaskiyarsa. Ina bambancin kalmomin nan yake? Sannan daga ina ma wannan Hellen ɗin ya ɓullo, alhali Greek muka sani?

Baban Gola:
Ba matar nan ba ce da aka yi yaƙi shekara goma a kanta, har aka shigar da dokin katako cikin gari? Helen. Shi ke nan na amsa, a turo mini katin waya.

Malam Habu Tarihi:
Wa alaikumus salam. Baban Gola ka zo unguwar amma ka wuce gidan. Waccan Helen ce mai L ɗaya. Wannan Hellen ne mai L biyu, namiji ne, shi Girkawan dauri suke cewa kakansu ne, ɗan Dukaliyon wanda ya tsira daga ruwan ɗufana a tatsuniyarsu. Daga tsatsonsa aka ce manyan ƙabilunsu suka fito: Doriyawa, Ayoliyawa, Ayoniyawa da Akayawa. Kamar dai labarinmu na Bayajidda da Bawo, ko ka gaskata ko ba ka gaskata ba, da shi mutane suka bayyana wa kansu zumuncin da ke tsakaninsu.

Zainab, abin da za ki fara riƙewa shi ne mutanen nan ba sa kiran kansu Greek. Ƙasarsu Hellas suka ce mata, su kuma Hellenes. Har gobe haka ne, sai dai harafin H ya faɗi a bakinsu, yanzu Ellada suke cewa. Sunan Greek daga Romawa ya fito, su ne suka ɗauki sunan Graeci suka yafa wa kowa da kowa, Turawa suka gada daga Latin, mu kuma muka karɓa daga Ingilishi muka ce Girka. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun ce Barebari, su sun ce Kanuri. Mun ce Fulani, su sun ce Fulɓe. Mu ma ai ba mu tsira ba, Barebari na ce mana Afuno, Fulani na ce mana Haɓe, Yarbawa na ce mana Gambari.

Wani abin sha'awa, a waƙoƙin Homa, tsohon mawaƙinsu, sunan Hellenes na wata 'yar ƙabila ce kawai a yankin Tasaliya, mutanen jarumi Akilis. Daga baya ne sunan ya game su duka.

Zainab Mai Fassara:
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. To amma Hellenic da Hellenistic fa? A nan ne jan biron ya same ni.

Malam Habu Tarihi:
Yauwa. Hellenic na nufin abin da yake na Girkawa su da kansu, ko na wane zamani. Shi ya sa sunan ƙasar a hukumance da Turanci yake Hellenic Republic. A littattafan tarihi kuma an fi jingina shi ga zamanin Atina da Sparta, lokacin su Sukurat da Aflatun.

Hellenistic sunan wani zamani ne mai farko da ƙarshe. Ana soma lissafinsa daga shekara ta 323 kafin Miladiyya, shekarar da Iskandar, sarkin Makidoniya da ya ci ƙasashe har Indiya, ya mutu a Babila yana ɗan shekara 32, a rufe shi a shekara ta 30 kafin Miladiyya da mutuwar Sarauniya Kiliyofatara, sanda Masar ta faɗa hannun Roma. Da Iskandar ya mutu janar-janar ɗinsa suka yi wa daular rabon gado: gidan Batlamus ya riƙe Masar, gidan Salukus ya riƙe Sham da Iraƙi da Farisa, gidan Antigonus ya riƙe Makidoniya. A cikin wannan shekaru kusan ɗari uku harshen Girka ya zama harshen fada da kasuwa da makaranta tun daga bakin kogin Nilu har iyakar Indiya. A Kandahar ta Afganistan an tono rubutun da Sarki Ashoka na Indiya ya sa aka sassaƙa a dutse da Girkanci. A Ai Khanum, can arewacin Afganistan ɗin, an tono gari guda mai dandalin wasan kwaikwayo irin na Girka. Ita kanta Iskandariyyarki a shekara ta 331 kafin Miladiyya aka aza tubalinta.

Wanda ya raɗa wa zamanin suna wani Bajamushe ne masanin tarihi, Johann Gustav Droysen, a littafinsa na tarihin Hellenismus da ya fara fitowa a 1836. To marubucinki, da ya ce Hellenism ya soma bayan Iskandar, ma'anar Droysen yake bi: bazuwar abin zuwa wasu ƙasashe da cakuɗuwarsa da nasu. Ke kuma kika ɗauko ma'anar farko da ƙamus ya ba ki. Ko ni ne haka zan yi in ban karanci fannin ba.

Dakta Hadiza:
Malam Habu ya yi bayani mai kyau, amma ya faro daga tsakiya. Ni harshe na karanta, bari in koma saiwar kalmar, don a can Hausa za ta fi taimakonki fiye da Turanci.

Akwai aikatau a Girkanci, hellenizein. Ma'anarsa ta asali ita ce mutum ya yi magana da Girkanci. Daga nan aka samu Hellenismos, kuma a bakin malaman nahawunsu ma'anarsa ita ce tsaftataccen Girkanci, wanda ba kuskure ba gargada, abin da Larabawa za su ce fasaha. Kishiyar mai Girkanci shi ne barbaros, wanda maganarsa a kunnensu "bar-bar-bar" ce kawai. Sannu a hankali kalmar ta tashi daga baki ta koma ga sutura da abinci da ibada da tunani: wanda ba Bagirke ba ne amma ya ɗauki rayuwarsu.

Yanzu ki tuna yadda muke cewa "wane ai ya hausance". Kakansa Banufe ne ko Buzu ko Babarbare, amma shi ya tashi a Fagge, ba ya jin kowane yare sai Hausa, babbar riga yake sawa, kunyar surukai yake yi. Wannan hausancewar ita ce ruhin kalmar nan taki. Hirodotus, marubucin tarihinsu na dauri, ya lissafa abu huɗu da ke sa mutum ya zama ɗayansu: jini ɗaya, harshe ɗaya, wuraren ibada ɗaya, ɗabi'u ɗaya. Wajen shekara ta 380 kafin Miladiyya sai Isokratis na Atina ya ce sunan Hellenes ya fi dacewa da wanda ya sha tarbiyyarsu a kan wanda ya haɗa jini da su. Wasu masana na cewa fariya kawai yake yi da Atina, ba ƙofa yake buɗe wa baƙi ba. Ko ma dai mene ne, gardamar "waye Bahaushe" da muke kwana muna yi a Facebook, su sun yi irinta shekara dubu biyu da ɗoriya da suka wuce.

Sadiƙu Ɗan Gwagwarmaya:
Dakta da girmanki, ban yarda da kwatancin nan ba. Wa ya sa wa Banufe takobi a wuya ya ce sai ya yi Hausa? Kasuwa ce da auratayya da zaman tare. Iskandar kuwa da mashi ya je. Ya ƙone Fasafolis, ya rushe Taya ya sayar da mutanenta bayi. Zainab ki rubuta "mulkin mallakar Girkawa" kawai. Duk wannan Hellenism ɗin turare ne ake fesa wa gawa.

Dakta Hadiza:
Sadiƙu, ban ce hanyar ɗaya ce ba, na ce sigar kalmar ɗaya ce. Kuma in ta sa "mulkin mallaka" a jimlar da ke maganar lissafin Iƙlidis ko ɗakin karatun Iskandariyya, jan biron zai sake dawowa.

Yakubu Wusasa:
Salama gare ku duka. Ina ta karantawa ina murmushi, domin kuna neman abin da ke cikin aljihunku. Hausa ta daɗe da wannan kalmar. Duk wanda ya tashi yana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa ya san Bahelene, Helenawa, Helenanci. An ce Timoti uwarsa Bayahudiya ce, ubansa Bahelene. An ce rubutun da aka kafa a kan gicciye da harshe uku aka yi shi, ɗaya Helenanci. Ni sai da na shiga sakandare ma na gane ashe Helenawan coci su ne Girkawan littafin tarihi.

Kuma Sadiƙu, maganarka tana da tushe, don kalmar ta taɓa zama zagi. A littafin Makabiyawa na biyu, wanda 'yan Katolika suke da shi a nasu kundin, an yi amfani da Hellenismos da ɓacin rai. Wajen shekara ta 175 kafin Miladiyya, zamanin Sarki Antiyokus na huɗu, wani babban firist mai suna Yason ya sayi muƙaminsa da kuɗi, ya gina filin motsa jiki irin na Girka a Urushalima, ya sa samarin manyan gida suka koma sa hular Girkawa. Marubucin ya koka cewa har firistoci suna barin hidimar Haikali suna rugawa filin kokawa. Wannan yayin shi ya kira Hellenismos, ya kuma kira kishiyarsa Yahudanci. Abin ya kai ga tawaye a 167, aka tsarkake Haikali a 164, shi ne bikin Hanuka da Yahudawa ke yi har yau.

Sai kuma a Ayyukan Manzanni sura 6, inda rigima ta tashi tsakanin masu bi na farko. Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen matansu a rabon abinci na kullum. Kalmar da aka kira su da ita Hellenistai ce, daga nan Turanci ya samu Hellenist. Duka ɓangarorin Yahudawa ne fa, harshe ne kawai ya raba su. Kamar ɗan Hausawan da aka haifa a Landan ya dawo gida ana ce masa Bature.

Zainab Mai Fassara:
Ikon Allah! Yaya Yakubu wallahi ban taɓa jin Bahelene ba sai yau. Ashe muna gari ɗaya da kalma ban sani ba. Hular nan ma ta tuna mini yadda kakanmu yake ba da labarin kallon da ake yi wa 'yan boko na farko.

Ustaz Nasiru:
Bismillah. Tun da kowa ya kawo na gidansu, mu ma a zaure muna da namu, kuma ya riga na boko zuwa ƙasar nan. Mu Yunan muka sani, Yunaniyawa. Sunan daga Ayoniya ne, gaɓar yammacin Turkiyya ta yau wajen Izmir. Su ne Girkawan da Farisawa suka fara cuɗanya da su, suka ce musu Yauna, haka yake a rubutun Sarki Dariyus. Ibraniyawa suka ce Yawan, Indiyawa suka ce Yawana, Larabawa suka ce Yunan. Har yau a Indiya da Pakistan akwai maganin gargajiya da ake kira Unani, wato ɗibbin Buƙrat da Jalinus da ya bi ta hannun su Ibn Sina.

Abin da nake so 'yar'uwa ta lura da shi, Hellenism ɗin nan bai tsaya a iyakar Indiya ba, ya iso Kano, sai dai da rawani ya iso. A Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, da bayansa, su Hunainu bin Ishaƙ suka juya littattafan Yunan zuwa Larabci. Mantiƙin da muke karantawa, wato ilimin kafa hujja da hankali, Sullam na Ahdari da Isaguji na Abhari, asalinsa na Aristo ne. Ita kalmar Isaguji ma Girkanci ce, ma'anarta shimfiɗa ko gabatarwa. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sun yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi a kan wannan fannin. Suyuɗi na ganin a guje shi tunda na kafirai ne, Magili ya ce a karɓi gaskiya ko daga bakin kafiri ta fito. Kun ga gardamar Makabiyawa da Malam Yakubu ya kawo, mu ma an yi tamu.

Kalmomi kuwa ga su nan a bakinmu: falsafa, dirhami, har ƙamus ɗin da ya ɓatar da Zainab, masana sun ce daga okeyanos ne, wato teku.

Baban Gola:
Wato ƙamus ɗin da kansa Bagirke ne, amma ya kasa faɗin sunan gidansu daidai. Allah ya kyauta.

Aminu Kubrus:
Allah gafarta Malam, ina da tambaya. Ni a arewacin Kubrus nake karatu. Turkawan nan in suna maganar ƙasar Girka sai su ce Yunanistan, amma Girkawan kudancin tsibirin nan Rum suke ce musu. Na tambayi wani abokina ya ce haka suka tashi suka ji. Wannan Rum ɗin shi ne na Suratur Rum?

Ustaz Nasiru:
Shi ne, Aminu. Rumawan da aka ambata a surar su ne mutanen Hiraƙla, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wa wasiƙa. Daularsu ta Ƙusɗanɗiniyya ce, harshensu Girkanci, amma suna kiran kansu mutanen Roma. Malamanmu in sun ce Yunan suna nufin na dauri masu falsafa, in sun ce Rum suna nufin Kiristocin zamaninsu.

Malam Habu Tarihi:
Ustaz ya taɓo wurin da na fi so a duk tarihin kalmar nan. Me ya sa masu jin Girkanci suka bar sunan kakanninsu suka koma Rum? Saboda da Kiristanci ya kafu, Hellene ya koma nufin mai bautar gumaka. Sarki Juliyan na Roma, wanda ya yi mulki daga 361 zuwa 363 ya yi ƙoƙarin dawo da tsohon addini, da kansa ya kira addinin nasa Hellenismos. Daga nan fa, ƙarni bayan ƙarni, ka ce wa Kiristan Ƙusɗanɗiniyya Hellene kamar ka ce wa alhajin birni Bamaguje ne. Harshe ɗaya, jini ɗaya, amma sunan ya zama na waɗanda ba su karɓi addini ba.

Wasu malamansu sun fara ɗaga sunan tun kafin birnin ya faɗi a 1453, amma talaka ya ci gaba da zama Rum a ƙarƙashin Turkawan Usmaniyya. Sai da aka zo yaƙin neman 'yanci na 1821 sannan aka kakkaɓe tsohon sunan aka ɗora wa sabuwar ƙasa. Sarkinsu na biyu, wanda ya hau a 1863, laƙabinsa ma Sarkin Hellenes ne. A Girkancin yau Ellinismos na nufin al'ummar Girkawa baki ɗaya, na gida da na Melbon da na Shikago. Akwai kuma 'yan tsiraru da suka koma bautar su Ziyus, su ma Hellenism suke kiran addininsu, gwamnatin Girka ta amince da su a 2017. Saboda haka Zainab, in kika buga kalmar a intanet kika ga mutane da fararen mayafai suna zuba wa gunki ruwan inabi, kada ki ruɗe.

Baban Gola:
Yanzu na gane abin da ya sa ake rubuta Hellas a rigar 'yan wasansu. Da Hellas Verona ta Italiya da ta ci kofin Seriya A a 1985, ashe malamin Girkanci ne ya raɗa wa ƙungiyar ɗalibansa suna. Ni dai abin da na sani, a gasar kofin duniya ta 1994 mun ba Girka biyu ba ko ɗaya, Finidi da Amokachi. Na 2010 kuma kada wanda ya tayar mini da shi, jan katin nan har yau yana mini ciwo.

Abban Sumayya:
Tambaya ta gefe, shi Iskandar ɗin nan shi ne Zulƙarnaini?

Shugaban Zaure:
Abban Sumayya don Allah a'a. An yi wannan a watan jiya, sharhi ya haura ɗari uku, mutum biyu suka fita daga zauren. Malaman tafsiri sun yi saɓani, a bar shi a nan. A koma kan tambayar Zainab.

Hajiya Maman Usman:
Sannunku 'ya'yana. Ni a Sudan aka haife ni, a can na yi aure. Mu can Agariƙ muke ce musu, kuma ba a littafi muka san su ba, maƙwabta ne. A lokacin su ne masu kantuna da gidajen burodi a Hartum, suna da cocinsu da makarantarsu da kulob ɗinsu, ga otal ɗin Akrofol da kowa ya sani. Da na dawo Kano na tarar da kantin Leventis, aka ce mini masu shi Girkawan Kubrus ne. To ni dai ga Agariƙ, ga Yunan, ga Rum, ga Girka, yau kuma ga Helenawa. Mutum ɗaya suna biyar, ko ɗan fari albarka.

Dakta Hadiza:
Hajiya Allah ya ƙara lafiya, kin fi mu iya taƙaitawa. Saura ma'ana biyu da ba a ambata ba, kuma ɗalibanmu na adabin Turanci su suka fi cin karo da su. Ta farko ƙarama ce: in marubuci ya ɗauko salon jimlar Girkanci ya dasa a wani harshe, ana ce wa wannan salon a Hellenism, kamar yadda za mu ce wane Hausarsa duk Larabci ce.

Ta biyu ta Matthew Arnold ce, Baturen Ingila, a littafinsa Culture and Anarchy na 1869. Shi ya raba halin ɗan Adam gida biyu. Hebraism shi ne tsoron saɓo da biyayya da gyaran aiki, Hellenism kuma son ganin abu yadda yake, da sakin tunani, da son kyau. Ya ce Ingilar zamaninsa ta cika na farkon ta yi ƙarancin na biyun. A nan kalmar ta bar ƙasar Girka gaba ɗaya, ta zama sunan wani hali. In ɗalibi ya fassara ta da "al'adun Girkawa" a wannan wurin, sifili zan ba shi.

Issoufou Damagaram:
Dakta, wannan ma'anar ta Arnold ita ce ta yi mana illa a ɓangaren Faransanci. Senghor, kafin ya zama shugaban Senegal, malamin Latin da Girkanci ne a Faransa. A 1939 ya rubuta jimlar nan da har yau ake jifansa da ita, cewa shauƙi na baƙar fata ne kamar yadda hankali yake na Hellene. Ku lura bai ce grec ba, hellène ya ce, don ita ce kalmar mai ƙamshi, mai nufin wayewa tsantsa. Mun yi ta gardama a kanta a lise, wato sakandare. Masu kare shi sun ce ba a fahimce shi ba ne, su Cheikh Anta Diop kuwa suka ce ai su Girkawan da kansu ɗaliban Masar ne. Kuma Hirodotus da bakinsa ya ce sunayen allolinsu daga Masar suka zo, haruffansu kuma daga Finikiyawa. Don haka ina tare da Sadiƙu rabi: kalmar ba ta zuwa hannu sake, tana ɗauke da yabon kai na Turawan ƙarni na 19.

Sadiƙu Ɗan Gwagwarmaya:
Na gode Malam Issoufou, rabin ma ya ishe ni. Abin da nake faɗa ke nan. In su suka mamaye ka sai a ce wayewa ta bazu.

Malam Habu Tarihi:
Sadiƙu ban musa ba, amma ka duba Masar ɗin da kyau. Gidan Batlamus sun yi kusan shekara ɗari uku suna mulki da Girkanci, an ce Kiliyofatara ce ta farko a cikinsu da ta koyi harshen Misirawa. Wannan hujjarka ce. Amma su ɗin dai su ne suka riƙa sa kambin Fir'auna, suna gina wa allolin Masar haikali a Edfu da Dandara. Dutsen Rashid na shekara ta 196 kafin Miladiyya, da Girkanci da rubutun Masar iri biyu aka sassaƙa shi, don sarki na bukatar limaman ƙasar. A Iskandariyya Yahudawa suka fassara Attaura zuwa Girkanci saboda jikokinsu sun daina jin Ibrananci. Wa ya ci wa a nan? Masana na yanzu da yawa sun daina kallon abin a matsayin ruwa mai gangarowa ta gefe ɗaya.

Zainab Mai Fassara:
Jama'a na ƙaru ƙwarai, amma gobe da ƙarfe goma zan miƙa aiki. Kalma nake nema.

Yakubu Wusasa:
Helenanci mana. Tana nan a rubuce tun kafin a haife mu.

Ustaz Nasiru:
Mai sauraro a Ɓatagarawa ko Gumel bai san Helenanci ba, Malam Yakubu. Yunananci ya fi kusa da kunnensa.

Yakubu Wusasa:
Ustaz, mai sauraro a Kafanchan ma bai san Yunananci ba. Rediyon kowa yake shiga.

Dakta Hadiza:
Ku biyun kun dace a kan ɗafin, kun saɓa a kan saiwar. Ɗafin -anci namu yana yin aikin -ismos ɗinsu daidai wa daida, yana ɗaukar harshe, ya ɗauki addini, ya ɗauki hali: Larabci, Yahudanci, Maguzanci, Sakkwatanci. Tunda Girka ce kowa ya sani daga labaran duniya, ni Girkanci zan zaɓa, in ana maganar bazuwar kuma a ce girkancewa.

Baban Gola:
Dakta a yi hattara. In mai karanta labarai ya ce "mutanen Masar sun girkance", tsohuwata za ta ɗauka an yi musu girkar bori ne. Wata kuma ta tambaya me aka girka, shinkafa ko tuwo.

Dakta Hadiza:
Kai Baban Gola Allah ya shirye ka. Amma ka yi gaskiya, a rediyo ba a ganin babban baƙi. Na janye girkancewa.

Zainab Mai Fassara:
To ga abin da na yi, ku duba mini. Inda aka ce Hellenic na bar shi "na Girkawa". Inda aka ce Hellenistic na sa "zamanin magadan Iskandar", a karon farko na ƙara da cewa daga 323 zuwa 30 kafin Miladiyya ne. Hellenism guda shidan kuma ashe ba abu ɗaya suke nufi ba. Huɗu na mayar da su "yaɗuwar harshe da al'adun Girkawa a wasu ƙasashe". Ɗaya yana maganar Yahudawan birnin ne, na sa "rungumar rayuwa irin ta Girkawa". Na ƙarshen yana maganar Girkawan da suka zauna a Iskandariyya har ƙarni na 20, na sa "al'ummar Girkawa". Jimlar jan biron yanzu ta koma: "Bayan mutuwar Iskandar ne harshe da al'adun Girkawa suka yaɗu daga Masar har iyakar Indiya, suka gauraya da na mutanen da suka tarar." A buɗe shirin kuma zan sa a faɗi cewa Girkawa su ne Yunaniyawa, su ne Helenawa, don Ustaz da Yaya Yakubu kowa ya ji nasa.

Malam Habu Tarihi:
Ya yi. "Magadan Iskandar" ma ta fi tawa, don su Girkawan haka suka kira janar-janar ɗin, Diyadokoi, magada.

Sadiƙu Ɗan Gwagwarmaya:
"Suka yaɗu." Da ƙafarsu suka taka ke nan? Ki sa "aka yaɗa su da kaifin takobi" mana.

Zainab Mai Fassara:
Yaya Sadiƙu fassara aka ba ni, ba sharhi ba. Marubucin bai ce takobi ba. Amma zan gaya wa mai gabatarwa ya gayyace ka ranar da za a buɗe layin waya.

Hajiya Maman Usman:
'Yata ki turo mana ranar da za a sa shirin. Kuma ki ce su ambaci Agariƙ, ko sau ɗaya ne.